Zanin da Ya Fitar da Ni Daga Gidan Yari

A gidan yari aka haife ni, kuma ba na ɓoye wa kowa. In ana cike takarda aka zo kan wurin haihuwa, nakan faɗi gaskiya ina kallon mai rubutun, don ina jin daɗin ganin yadda biro ke tsaya masa a hannu. Ummata ta shiga da cikina wata huɗu, ba a daɗe da rasuwar babana ba. Wani ne ya ba ta kwali a tasha ya ce ta kai wa ɗan'uwansa, ita kuwa ba ta iya cewa a'a ba. Aka tare motar a hanya, aka farke kwalin, sai ga ƙwaya shaƙe. Alƙali ya yanke mata shekara bakwai.

Matan ɓangaren suka sa mini suna 'Yar Gwamnati, wai tun da gwamnati ce ta ba ni ɗaki da katifa. An ce da na fara tafiya, in aka fito ƙirgen safe sai in je ƙarshen layi in tsugunna kamar kowa. Wata sabuwar ma'aikaciya ta taɓa ƙirga mata talatin da biyu maimakon talatin da ɗaya, ta sake, ta kuma sakewa, gumi na keto mata, har aka nuna mata ni. Ban san akuya ba, ban san mota ba. Duk wanda ba ya sanye da kaki ko kayan fursuna, in ya miƙo mini hannu sai in tsala ihu kamar an tsunkule ni.

Amma ba labarina zan ba ku ba. Labarin Saja ne, gandirobar da ke riƙe da makullan ɓangaren mata. Abin da na sani game da ita na tattaro shi ne daga bakin Umma, da Kakata, da ita kanta, ko da yake ciro magana daga bakin Saja aiki ne.

Gajeruwa ce mai faɗi, fuskar nan kullum a ɗaure, kafin a gan ta an ji ƙarar makullai a ƙugunta. Aikinta buɗe ƙofa, rufe ƙofa, ƙirge, rabon sabulu, raka marar lafiya wajen likita. Babu inda aka rubuta yara a cikin aikinta. Dokar gidan kuwa a fili take: yaro zai zauna da uwarsa har ya cika shekara biyu. Ranar da ya cika, ko dai wani na jini ya zo ya dangwala yatsa ya tafi da shi, ko motar gidan marayu ta zo daga wani gari mai nisa ta ɗauke shi.

Saja ta san wannan motar. Tana sabuwar shiga aiki aka ce ta karɓi wani yaro daga hannun uwarsa ta kai shi mota, ta kuwa yi, don umarni ne. Sai da ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya daga wuyan rigarta. Bayan shekara uku uwar ta fito, ta je neman ɗanta, aka ce an mayar da shi wani gida, can ma aka ce an ba wasu riƙo, takardar kuma ba a san inda ta shige ba. Matar ta dawo bakin ƙofar gidan yari ta zauna, don nan ne wuri na ƙarshe da ta gan shi. Kwana tara tana zuwa. Kullum Saja na wuce ta da safe, ta wuce ta da yamma.

Daga nan ta ƙirƙiro tata dabarar. Ta lura dangi da yawa sukan zo da niyyar ɗaukar yaro, amma da ya yi musu ihun nan na baƙunta, ya sanƙare, ya shiɗe, sai jikinsu ya mutu su ce ba za su iya ba. Saboda haka in saura wata uku yaro ya cika shekara biyu, sai Saja ta yi amfani da ranar hutunta ta nemo dangin. Ba ta roƙon su ɗauki yaro. Zani kawai take roƙo, tsoho, wanda matar gidan ta kwana a ciki ba a wanke ba. Ta kawo, a goya yaro da shi, a shimfiɗa masa shi. Bayan mako guda ta mayar, ta karɓo wani. Kafin wata uku hancin yaro ya san mutumin da idonsa bai taɓa gani ba.

Ba ta taɓa shigo da zanin a ɓoye ba. A teburin bincike take bajewa, gaban kowa.

"Saja, mene ne wannan kuma?" in ji shugaban gidan, ranar da ya fara gani.

"Zani ne, yallaɓai."

"Na ga zani ne. Ai tsami yake yi."

"Tsamin nake so, yallaɓai."

Sau biyu ana ba ta takardar tuhuma kan shiga harkar iyalan fursuna. Ƙarin girma ya zo ya wuce ta, ya sake zuwa ya wuce, yaran da ta koya wa riƙe makulli suka zama masu ba ta umarni. 'Ya'yanta biyar na gida suna mita wai ranar hutu ma ba a ganin ta. Mijinta, wani direban babbar mota mai barkwanci, yakan ce shi dai ya auri gidan yari ne aka ba shi mata kyauta. Duk wannan bai sa ta fasa ba.

To, sai aka zo kaina. Dangin babana sun watse tun rasuwarsa. Mutum ɗaya ta rage, Kakata mahaifiyar Umma, mai sayar da gawayi a ƙofar gidanta. Ita kuwa tun ranar da aka yanke hukunci ta rantse ba za ta taka gidan yari ba. Ko sau ɗaya ba ta zo ziyara ba. In maƙwabta suka tambayi Umma, sai ta ce, "Ni ba ni da 'ya a can." Umma da kanta ta ce wa Saja, "Kada ki wahalar da kanki. Na san uwata, in ta juya baya ta juya ke nan." Tana faɗa tana matse ni, don ta riga ta fara ƙirga kwanaki.

Saja ta cire kaki, ta sa kayan gida, ta hau mota biyu ta je. Ta tarar da Kaka a kan kujera 'yar tsugunno tana cika leda da gawayi. Ta yi sallama, ta faɗi ko ita wace ce.

"In saƙonta kika kawo, koma da shi," in ji Kaka.

"Ba ta aiko ni ba, Inna. Zani na zo aro."

"Zani? Ke da albashinki?"

"Na jikarki ne. Tsoho nake so, wanda kika kwana da shi."

Kaka ta ce ba ta da jika. Saja ta ce to, ta nemi dutse ta zauna. Mutumin da ya shekara ashirin yana gadin ƙofa, wa zai fi shi iya zama? Masu sayen gawayi suka riƙa zuwa suna kallon baƙuwa, suna tambaya ko lafiya. Da rana ta take, Kaka ta shiga ciki a fusace, ta fito da wani koɗaɗɗen zani mai ruwan ƙasa ta wurga mata. "Ungo, ki tafi ki ba ni wuri!"

Mako ya zagayo, Saja ta koma da zanin a leda. Kaka ta buɗe, ta yamutsa fuska.

"Fitsari ta yi mini a kai?"

"Sau uku. Ba ni wani."

Haka suka yi ta yi. Mako na huɗu Kaka ta miƙo zani wankakke, an goge shi har yana ƙamshin sabulu. Saja ta mayar mata. "Wa ya ce ki wanke? Sabulu muna da shi a can. Ke ce ba mu da ita." Kaka ta yi ta faɗa, wai ba ta taɓa ganin mace mai ƙarfin hali irin wannan ba, a zo gidanka a raina maka wanki. Amma ta shiga ta kwance na jikinta ta kawo. Mako na bakwai, tana ƙulla leda, ba tare da ta ɗago ba ta ce, "Haƙoranta nawa?" Saja ta faɗa mata. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, ta yi sallama ta tafi. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki game da matar nan. Ni da a ce ni ce, da na ga ƙofa ta ɗan buɗe haka, ai da na banka da kafaɗa na ɓata komai.

Mako na ƙarshe Saja ta ce, "Ranar Talata take cika shekara biyu. Motar marayu na zuwa ƙarfe goma sha biyu." Kaka ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Saja ta karɓi zani ta juyo. Ta gaya mini daga baya cewa a mota ta biyu sai da ta wuce inda za ta sauka, ba ta sani ba.

Ranar Talata Umma ta yi mini wanka, ta yi mini kitso guda huɗu, ta haɗa kayana a leda: riga uku, kofi, da 'yar tsana da wata fursuna ta ɗinka da tsumma. Matan ɓangaren suka yi ta karɓa ta hannu zuwa hannu. Ƙarfe goma sha ɗaya Saja ta zo. Doka ba ta bar uwa ta wuce ƙofar ciki ba, don haka a nan Umma ta naɗe ni a zanin Kaka ta miƙa. Saja ta kulle ƙofar da hannu ɗaya, ni a ɗaya hannun.

A ɗakin ziyara akwai benci biyu, da tebur, da agogon bango. Ma'aikaciyar gidan marayu ta riga ta iso da takardunta, direbanta na waje yana goge gilashi. Sha ɗaya da rabi, babu kowa. Matar ta ce, "Saja, mu cike kawai, hanya da nisa." Saja ta nuna agogo da haɓa. "Sha biyu aka rubuta."

Saura minti goma mai gadin ƙofar waje ya leƙo. "Akwai wata tsohuwa tana ta masifa, ta ƙi a bincike ta."

Kaka ce. Ta shigo da baƙin gawayi a faratanta, tana kallon rufi don kada ta kalli kowa.

"Ni ba wajen kowa na zo ba," in ji ta. "Zanina na zo karɓa."

"Ga shi nan," Saja ta ce, ta sauke ni ƙasa.

Ni da ba na yarda da farar hula, an ce na tsaya na ƙare mata kallo, baki ya fara rawa zan yi ihun da na saba. Sai na matsa. Na kama gefen zanin da ke jikinta na kai hanci. Na sake shinshinawa. Daga nan na zagaya bayanta na ɗaga hannu biyu, ina jiran a goya ni.

Kaka ta durƙusa. Ta ce ba niyya ta yi ba. Na haye, ta jawo zanin ta ɗaure, har sau biyu ƙullin na kwancewa. Ma'aikaciyar gidan marayu ta mayar da takardunta jaka ba wanda ya ce mata komai. Aka kawo tawada, Kaka ta dangwala, yatsan ya fito baƙi biyu, na tawada da na gawayi.

Yara arba'in da ɗaya suka bi ta hannun Saja kafin ta yi ritaya, tana nan da igiyarta uku. Biyu kawai motar ta ɗauka, kuma har yau in ka zauna da ita, waɗannan biyun take ambata, ba ta lissafa mu da muka tsira. Ni yanzu ungozoma ce a asibiti, ina da 'ya'ya uku, na ga mutane iri-iri, amma ban ga wanda ya kai matar nan ba. Ina zuwa gaishe ta duk wata, ta bar ni in share mata tsakar gida tana yi mini gyara.

Wata rana na ce mata, "Saja, yaya aka yi kika san hancin yarinya 'yar shekara biyu zai yi wannan aiki?"

Ta harare ni. "Ke 'Yar Gwamnati, kina tsammanin ke kaɗai ce mai hanci? Kakarki da ke cewa kin yi mata fitsari, in na juya baya fuskarta take tusawa a cikin zanin. Uwarki kuwa, da kin yi barcin rana sai ta zare shi daga ƙarƙashinki ta rungume."

Sai ta ba ni ƙarshen labarin ranar Talatar, wanda Kaka ba ta taɓa faɗa mini ba har ta rasu. Bayan ta dangwala yatsa, ta kai bakin ƙofa da ni a baya, sai ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Ta cire mayafin da ke kanta, wanda ta sha zufa a ciki tun daga gida, ta dunƙule shi ta tura wa Saja a hannu, har yanzu idonta na kan rufi.

"Ki kai mata," ta ce. "Ki ce kada ta wanke."