Haƙorin da Kawu Ya Tono

A can inda na yi karatu aka koya mini labarin wani kifin shak da ya fi motar bas tsawo, wanda ya ƙare a duniya shekaru miliyoyi da suka wuce. An ce mai yiwuwa teku ce ta yi sanyi, abincinsa ya ragu, ƙananan danginsa suka fi shi zafin nama. Na rubuta a jarrabawa na ci, amma a raina ban gama yarda ba. Ban kuma taɓa haɗa zancen da Kawu ba.

Kawu wan mahaifiyata ne, haƙar rijiya ce sana'arsa. Shekara talatin baya, yana can ƙasan rami, digarsa ta bugi wani baƙin abu mai kusurwa uku, girman tafin hannu, har ta ɓantare masa gefe. Ya wanke shi, ya shafa bakinsa mai kama da zarto, ya ce wannan haƙorin kifi ne, ke nan teku ta taɓa kwanciya a nan. Daga ranar sunansa ya koma Teku.

"Teku, yau ba ka kamo mana ko ɗaya ba?" in ji telan unguwarmu duk yamma, masu zaman benci a ƙofar shagonsa su fashe da dariya. Har da amininsa Hedimasta, wanda ya ari haƙorin don nuna wa ɗalibai, daga baya ya ce ya ɓace wajen sauya ofis.

Bayan na dawo gida na leƙa gidan adana kayan tarihi na babban birni, sai ga haƙorin cikin akwatin gilashi, da ɓantararren gefensa, yadda Kawu ya sha siffanta mana. Sati na zagayowa na ɗauko Kawu a mota.

Ya daɗe a tsaye. Da ya miƙa hannu, mai gadi ya ce, "Baba, ba a taɓawa."

"Karanta mini, ɗan nan," in ji Kawu.

Na karanta masa katin bayanin da ke jikin akwatin. Haƙorin wancan kifin da aka koya mini ne. Hedimasta ne ya gano shi, ya ba da shi kyauta a shekarar da aka tono shi. Ɓantarewar kuma wataƙila kifin ne ya ciji ƙashi.

"Ƙashi? Digata ce! Ranar sai da na kai ta maƙera."

Muka kamo hanya har muka kusa gida. Na ce, "Kawu, in rubuta musu su sa sunanka?"

"Sa, in za su yarda. Ni ba katin ne ya dame ni ba. Shekara talatin ana ce mini taɓaɓɓe, Hedimasta yana zaune a gefena yana taya su dariya. Ashe tun shekarar farko ya san gaskiya na faɗa."