Fitilar Dallatu Mai Inji

A Unguwar Ɗinya, can gefen Bagwai inda gonar wannan ke dafe da ta wancan ba masaka tsinke, in ka ce Dallatu za a tambaye ka wanne. Amma in ka ce Dallatu Mai Inji, ko baƙon jiya zai nuna maka gidan. Gajeren mutum ne mai furfura a haɓa, da baƙin mai a ƙarƙashin farce wanda ko Sallah ba ta fitar da shi. Shekara talatin da ɗoriya ke nan yana gyaran injin ban-ruwa.

Ba gadon sana'ar ya yi ba. Gonar ubansa da aka raba tsakanin mutum bakwai, abin da ya samu bai fi a shanya barkono ba. Da noman rani ya kankama a ƙasan dam ɗin Watari, injina suka shigo, kowa ya saya, amma babu wanda ya san abin da ke cikinsu. Dallatu ya kwance na yayansa, ya ɓata shi sau biyu, ya sha zagi, a na uku ya tashe shi. Daga nan suna ya bi shi. Da wannan sana'a ya auri Bilki, ya aurar da 'ya'ya huɗu, ya rufa ɗakuna uku da kwano, ya kuma sayi jan babur ɗin da yake hawa har yau.

Sai dai sana'ar tana da wani mugun hali. Da zafi, manomi ba ya ba shuka ruwa da rana tsaka, don rana ce za ta shanye. Sai la'asar sakaliya ake tayar da inji, saboda haka a lokacin yake mutuwa. Kiran Dallatu kusan duk na yamma ne. Ya tafi da sauran haske, ya dawo bayan magariba, wani lokaci har an yi isha'i. Tumatir kuwa ba ya jiran gobe. In mai gyara ya ce sai da safe, mai gona zai nemi wani, kuma wanda ya zo maka ranar da ka matsu shi ne naka har abada. Dallatu ya san wannan sarai. Shi ya sa a tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ya ce wa mai kira ba zai zo ba.

Bara waccan ne ya fara lura da cewa burtalin garinsu ya ƙara duhu. Ramin da ya sani tun yana saurayi sai ya ji shi a ƙugu kafin ya gan shi. Ya ce ƙwan fitila ne ya gaji. Ya tuƙa babur har rumfar Buwai a Bagwai.

Buwai mai gyaran wayar babur ne, Kirista daga cikin tsofaffin gidajen yankin, sa'an Dallatu kuma abokin tsokanarsa tun suna kiwon awaki tare. Ya kwance fitilar, ya ɗaga ƙwan ya duba.

"Ƙwan nan lafiyarsa ƙalau," in ji Buwai.

"Kai ka san lafiyar ƙwai ko ni da nake hawa? Sa min wanda ya fi shi."

Aka sa masa mai ƙarfi, mai ruwan ɗorawa-ɗorawa. Ya yi wata huɗu yana yabonsa, sannan ya dawo ya ce jabu ne aka ba shi. Buwai ya sa masa na biyu, fari, irin wanda samari ke yayi. Shi ma bai kai damina ba ya zama jabu. An bar jaki ana dukan taiki, kuma mai dukan ya san inda jakin yake tsaye, don ko a gida in zai ɗauki buta da magariba sai ya laluba da ƙafa. Bilki tana kallo. Rannan ta ce, "Malam, anya ba dundumi ne ke damunka ba?" Ya ce dundumi ciwon kaji ne, ta bar shi ya ci tuwonsa. Ta bar shi, amma daga ranar ta riƙa ajiye butar a wuri ɗaya.

Ƙwai na uku shi ne gagarabadau. Wasu ƙananan idanu ne guda shida a jere, masu farin haske kamar na walda. Buwai ya ja masa waya kai tsaye daga batir, yana yi yana mita. Ranar da Dallatu ya fara shiga gari da shi, kaji suka sauko daga kan danga, masu cin tuwo a ƙofar gida suka kare fuska da hannu, wani ya ce ko jirgi ne ya sauka. Dallatu ya ji daɗi ƙwarai. Sai dai abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, hasken ya ƙaru amma ganin bai ƙaru ba. Tsakiyar hanya fari fat, gefe da gefe baƙi ƙirin, duk abin da ya shigo cikin hasken kuma sai ya zama wani farin dunƙule marar kai marar ƙafa.

To, a garin akwai Malam Abdulmumini, mahaifin Bilki, dattijo ɗan tamanin da wani abu. Tsakaninsa da Dallatu surukuta ce irin ta da. Dallatu bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, in zai wuce ƙofar gidansa kashe babur yake yi ya sauka ya tura, ya cire takalmi ya durƙusa. Kuma kowa ya san ko tocila ba a dallara wa babba a fuska, balle suruki.

Wata Laraba, yana dawowa daga fadama bayan an idar da magariba, sai ya ga wani farin abu tsaye a tsakiyar burtali. Ya danna hon, abin bai gusa ba. Ya taka birki, ya saita fitilar sosai a kansa, ya ɗaga murya.

"Kai! Wane ne wannan ya tsaya wa mutane a hanya? Kurma ne? Kauce mana!"

Farin abin ya ɗaga hannu ya kare ido, ya yi magana a hankali.

"Ni ne, Dallatu. Sauke min wannan rana taka daga fuska, in ga inda zan sa sandata."

Da ƙasa za ta tsage da Dallatu ya shige. Ya kashe babur, ya sake shi ya faɗi, ya zube a ƙasa yana "Baba, a gafarce ni, Baba, wallahi ban gane ba." Mutanen da suka fito daga masallaci tare da dattijon suna tsaye a gefen danga, su biyar ko shida, Dallatu bai ma san da su ba sai da ɗaya ya yi gyaran murya. Malam Abdulmumini bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Taku nawa ne tsakanina da kai? Bai fi biyar ba. Allah ya sawwaƙe." Ya wuce abinsa. Wannan addu'a ta fi mari zafi, kuma Dallatu bai iya cin tuwo ba a ranar.

Kana tsammanin washegari asibiti zai nufa? Ina! Taurin kai ba ya sauka a dare ɗaya. Rumfar Buwai ya koma, wai farin haske ne ke kashe masa ido, a nemo masa wani iri mai shuɗi-shuɗi da ya ji ana faɗa. Labarin kuwa ya riga shi isa Bagwai.

Buwai ya ajiye aikin da ke hannunsa. Ya tura babur ɗin cikin shagon bayan rumfa inda yake ajiye kaya, ya turo ƙofa, wuri ya yi duhu. Ya kunna fitilar, ya je jikin bango ya ɗaga wani abu.

"Mene ne a hannuna?"

Dallatu ya ƙanƙance ido. "Sifana."

"Hularka ce, da ka ajiye a kan benci." Buwai ya kashe fitilar ya buɗe ƙofa. "Dallatu, ƙwai uku na sa maka, kowanne na san ba shi ne ba, na yi shiru don kada ka ce na raina ka. Na huɗu kam ba da hannuna ba. Jiya surukinka ne, ka tsaya. Gobe in jikar wani ce ta fito da gudu fa?"

"To in na daina fita da yamma, in ci me? Ka san lokacin da ake kirana."

"Na sani. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jibi zan shiga Kano sayen kaya, mu tafi tare a duba ka."

Dallatu ya karɓi hularsa ya daɗe yana juya ta. Tsoro ne fal cikinsa, ba na likita ba, na abin da likita zai faɗa.

Suka je. Bayan an ɗiga masa magani an leƙa idon da na'ura, likitar ta gaya masa gaskiya ba kwana-kwana. Jijiyar idon ce ta fara gajiya. Akwai maganin ɗigawa da zai riƙe abin da ya rage in ya kiyaye, amma wanda ya tafi ya tafi. Da rana zai yi harkarsa. Da zarar rana ta faɗi, babu shi babu tuƙi. A motar dawowa Buwai ya yi ta jan sa da hira, shi kuwa ido kawai ya zuba wa gonaki ta taga har suka sauka.

Ya kiyaye, amma ta hanyarsa. Da la'asar ta yi sai ya kashe waya ya tura ta ƙarƙashin matashi. In an tambaya da safe ya ce caji ne ya ƙare. Kwana tara yana haka. Ya ji labarin wasu sun fara kiran wani mai gyara daga Rimin Gado, ya yi kamar bai ji ba. Yana zaune a tsakar gida da yamma kamar baƙo, ya rasa inda zai sa hannunsa. A rana ta goma Bilki ta ɗauko wayar ta kunna ta ajiye masa a kan tabarma.

"Malam, ƙaryar caji ba ta dace da furfurarka ba. In ba za ka je ba, ka gaya musu dalili. Ciwo ba sata ba ne."

Ko rufe baki ba ta yi ba wayar ta yi ƙara. Mika'ilu ne, wani magidanci mai gonar tumatir a bakin fadama, wanda tun zamanin ubansa Dallatu ke yi musu gyara.

"Baba Dallatu, Alhamdu lillahi da na same ka! Inji ya tsaya, kwamin tumatir ashirin ban ba su ruwa ba, ga shi sun fara fure. Don Allah ka taimaka."

Dallatu ya dubi sama. Rana ta yi ja, ta kusa taɓa kan kuka. Ko ya tafi yanzu, a duhu zai dawo. Ya buɗe baki zai ce babur ne ba lafiya, ya ga Bilki tana kallonsa. Sai ya fasa.

"Mika'ilu, ba zan iya zuwa ba. Idona ne. Ba na gani in rana ta faɗi, likita ta hana ni tuƙi. Ka nemi na Rimin Gado, an ce yana da hannu."

Sai wayar ta katse.

Shi ke nan, in ji Dallatu a ransa. Kafin gobe duk fadama ta ji. Ya ajiye wayar, ya ji baƙin ciki sosai irin wanda bai yi ba tun rasuwar yayansa. Ya tashi ya yi alwala, ya yi magariba a gida, ya zauna a kan buzu yana jan carbi ba tare da ya san adadin da ya ja ba.

Bai shafa addu'a ba ya ji ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama. Ya laluba takalmi ya fita. Mika'ilu ne, ƙafafunsa duk taɓo, ya juya fitilar babur ɗinsa ta kalli bango.

"Baba, ɗauko jakar kayan aiki mu tafi."

"Ba ka ji abin da na ce ba ne?"

"Na ji. Ai da ka faɗa tun tuni, da ba mu sha wahalar kwana tara ba. Mu muna can muna cewa ko fushi kake yi da mu. Ido ai ga nawa, biyu ne, sun ishe mu. Ni zan kai ka, ni zan dawo da kai. Wanda ya matsu da gyara ai shi ke da hanya."

Dallatu ya tsaya kamar an dasa shi. Bilki ce ta miƙo jakar ta bayan ƙyaure. Ya rataya, ya ɗaga ƙafa ya hau baya, ya rasa abin kamawa, don rabonsa da zama a bayan wani tun kafin a haifi mai tuƙin. Daga ƙarshe ya dafa kafaɗar Mika'ilu.

Suka shiga burtali. Dallatu ba ya ganin komai sai ɗan jan haske yana rawa a gaba. Can ya matsa kafaɗar da ke hannunsa.

"Rage gudu, ka bi dama. Akwai rami nan gaba kaɗan."

Mika'ilu ya bi dama.