Sandar Alhaji Umaru Mai Kwata

An kwana ana ruwa a Sakkwato, don haka da gari ya waye na sa takalmin roba na zauna a ƙofar gidana a Mabera ina jiran Alhaji Umaru, kamar yadda muka saba. Rana ta ɗaga bai zo ba. Har na fara shirya tsiyar da zan yi masa, sai ga babban ɗansa Nasiru riƙe da sandar mahaifinsa. Ya durƙusa ya ce, "Baba Sani, sai haƙuri. Allah ya yi ma abokinka rasuwa bayan sallar asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

A majalisar ƙaramar hukuma muka san juna, shi kansila, ni kansila, kowa da jam'iyyarsa. Ba mu taɓa ɗaga hannu tare ba. Ni na laƙaba masa Mai Kwata, saboda duk ranar da aka yi ruwa ba ya shiga ofis sai ya zaga unguwa da ƙafa, yana zura sanda cikin magudanai don ya ga inda leda da yashi suka toshe. Sai ya shigo zaman majalisa da caɓi a bakin riga. Na zaci sunan zai ƙona masa rai. Da zaɓe ya zagayo, sai ga shi a jikin fastarsa.

Ko da ya zama shugaban ƙaramar hukuma bai ajiye sandar ba. Wata damina magoya bayansa suka yi ƙorafi don ya fara tura ma'aikata layinmu, mu da ba mu zaɓe shi ba. Ya dube su ya ce, "Ruwa ba su san jam'iyya ba. In sunka tashi shiga ɗaki, ba su tambayar wa anka zaɓa." Ginin ƙasa ne a layin, kuma a shekarar ko katanga ɗaya ba ta faɗi ba.

Mulki ya ƙare, kamar yadda yake ƙarewa. Ƙofar gidansa da a da ba a samun wurin ajiye takalmi ta koma sai awaki. Ni ma tawa haka. Wata safiya bayan ruwa na ji ana buga mini ƙofa da sanda. "Tashi mu tahi, Sani," in ji shi. "Mutanena sun watse, naka sun watse. Kai ɗai ka rage wanda ka iya yi min gardama." Tun ranar muke zagayen tare, tsofaffi biyu da ba su da ikon tura ko mai shara ɗaya. Matasa kan yi mana dariya daga kan babur. Shi dai sai ya tsaya a ƙofar mai gida ya yi sallama ya ce, "Malam, kwatarka ta cika, a taimaka." Wasu su fito da shebur, wasu su ce mai gidan ba ya nan.

An cika maƙil a jana'izarsa, har da waɗanda suka daina amsa wayarsa. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Bayan addu'ar uku kowa ya kama gabansa. Na mayar wa Nasiru sandar da ya bari a gidana ranar rasuwar, ya ce mahaifiyarsu ta ce in riƙe.

Jiya an sake yin ruwa. Na fita ni kaɗai. A kwanar makarantar firamare na tarar da kwatar da muka yi ta musu a kanta ta toshe daidai inda ya ce za ta toshe. Na juya in ce masa ya yi gaskiya, karon farko a rayuwata, babu kowa a gefena.

Allah ya jiƙan Alhaji Umaru, ya yafe masa kurakuransa, ya sa kowane ɗaki da ya tsare daga ruwa ya zame masa inuwa ranar hisabi. Allah ya ba Hajiya da Nasiru da ƙannensa haƙuri, ya tsare musu bayansa. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen. Amin.