Tagar da Muka Toshe

Jikata ce ke rubuta wannan, ni ban iya ba. Na ce mata in na yi kuka ta jira ni.

Shekarar da babban ɗanmu ya samu aikin tuƙin mota tsakanin Rano da Kano, ya ce ubansa ya gama kwana a ɗakin ƙasa. Aka shafe bangon da siminti, aka ɗora kwano. Maƙwabta suka yi ta zuwa sa albarka.

Da damina ta yi nisa, sai Malam, maigidana, ya fara tari. Kowa ya ce sanyi ne. Ni da 'yata muka cusa tsumma a 'yar tagar, muka lulluɓe ta da leda, muka ƙara labule a ƙofa. Bangon yana gumi, ɗakin yana wari kamar tuwon da ya kwana uku, ni kuwa ina ta zuba turaren wuta.

Yakan ce, "Ke tsohuwa, kin rufe ni kamar dawa a rumbu."

In ce, "To, kai ɗin ai ba ka da maraba da ita, ko'ina ƙwari."

Ya yi dariya, tarin ya kama shi har sai ya dafa gado. Akan kai shi asibiti, in ya kwana biyu can sai ƙirjin ya saki, mu dawo gida ya sake sarƙewa. Muka ce hanya ce ke wahalar da shi. Damina ta uku Allah ya karɓi abinsa.

Rufin ɗakina yana yoyo, don haka a nasa na yi takaba. Kafin in fita takabar, tarinsa ya dawo bakina, irinsa sak. 'Yata ta ɗauke ni zuwa gidanta a Kibiya, tarin ya tafi. Ranar da aka janye gadonsa, sai ga bangon baƙi ƙirin da fumfuna, daidai inda yake juya fuska in zai yi barci.

Kwana na Allah ne, na sani. Amma har yanzu in na tuna yana neman numfashi muna ƙara masa bargo, hawaye sai su zo.

Yanzu jikana zai sa amarya a ɗakin, wai fenti kawai za a shafa. Na ce ba zan sa masa albarka ba sai an kankare bangon, an fasa taga babba. Jiya magini ya zo da guduma.