Jirgin Fiton Babana

Jirgin da na gada wajen babana ya girme ni. Da shi ya ci da mu, yana ɗauko rake da tukwane da awaki daga tsallaken kogin Wudil, musamman ranar Juma'a in kasuwa ta ci. Doka ɗaya gare shi, wadda ya samu wajen nasa uban: ba a shiga jirginsa da abu mai rai a ɗaure. Ko akuya ce sai an kwance mata ƙafa, don in jirgi ya kife ta samu ta yi ta kanta. A kan wannan dokar na tashi, kuma na fi shi zafi a kanta.

Da babura suka yi yawa sai kaya suka koma hanyar gada, fito ya mutu murus. Na so in sayar da jirgin in nemi wata sana'a, mahaifiyata ta ce sai dai bayan ranta. Haka na zauna a bakin ruwa ina gadin katako, ga iyali suna jiran cefane.

Wata shekara da kaka aka neme ni in riƙa ƙetarar da fursunoni zuwa wata gonar shinkafa a fadama, inda mota ba ta shiga. Na amsa tun kafin a rufe baki. Sai da suka iso mashigi na ga an haɗa su bibbiyu da ankwa. Na ce wa gandiroban da ke tsaronsu, wani dattijo mai tsoron ruwa, a kwance su tukuna.

Ya ce, "Malam mai jirgi, in na kwance, ɗaya ya faɗa ruwa ya tsere, ni zan kwana a makwancinsa. Ni ma 'ya'ya gare ni."

Na dubi kogi ya cika fal, na tuna tukunyar gidana. Na ce su shigo.

Akwai wani malamin jami'a da yakan zo bakin kogi shan iska da la'asar. Da ya ga kayan da nake ɗauka yanzu, ya ba ni labarin wani jirgin Turawa na zamanin da, mai tafiya da iska. Na fatake ne, ya sha dakon hajja a teku, daga baya aka mai da shi na kai fursunoni wata ƙasa mai nisa, su yi watanni a cikinsa da mari a ƙafa. Na tambaye shi ko matuƙan sun so aikin. Ya ce wannan kam littafi bai faɗa ba. Ni dai na san ba na son nawa, kullum addu'a nake yi har sai goshin jirgi ya taɓa yashi.

Ran nan muna tsakiyar ruwa, igiyar ruwa ta ɗan kaɗa mu, kowa ya ƙanƙame gefe da hannun da ya rage masa. Wani fursuna ya ɗago kai. Sai na gane shi, mutumin Utai ne, da can yakan kawo awaki kasuwa ta jirgina.

Ya ce, "Mai jirgi, ka tuna ranar da ka sauke ni, don na ƙi kwance wa akuyata ƙafa?"

Bai faɗa da faɗa ba, har da ɗan murmushinsa. Kunya ta kama ni. Gandiroba ya sunkuyar da kai yana shafa makullin da ke aljihunsa, ni kuma na ci gaba da tura jirgi da gora har muka kai gaɓa.

Aikin nan har yau shi ke riƙe da gidana. Juma'ar da ta wuce, bayan na sauke fursunonin na dawo, wata tsohuwa ta zo da akuyarta a ɗaure. Na durƙusa na kwance mata igiyar da hannuna, akuyar ta haye tana ta tsalle a inda mutanen suka zauna.