Fitilar da Baffa ya ɗauko a kufai

Ranar wata Alhamis ce a kakar 1946, muna tsakar gida muna ɓarar gyaɗa, Baffa Ilu, ƙanen mahaifina, ya yi sallama da akwatin ƙarfe a ka. Ina da shekara takwas. Shekara biyar ke nan da Nasara suka tafi da shi soja, har Kaka ta daina ambatonsa sai a addu'a. Mata suka yi ta guɗa, aka yanka ɗan akuya, shi kuma ya buɗe akwati yana rabon tsaraba, bargo ga Kaka, sabulu da madubi ga matan gida. Can ƙasa akwai wani abu naɗe cikin tsumma, da hannunsa ya taɓa shi sai ya yi maza ya rufe akwatin. Na gani, Kaka ma ta gani.

Lokacin ɗaurin hatsi ne, mu yara muna kwasar zangarniya muna kai wa manya, mu saci jiki mu yi 'yar carafke a gindin gawo. A nan Baffa yake ba da labari. Ba ya son zancen yaƙi, zancensa ɗaya ne, wani garin dutse da ya gani a ƙasar Aljeriya, cikin mutanen tsauni masu yare kamar na Buzaye. Hanyoyinsa a miƙe kamar kunyar gona, ginshiƙai tsaye kamar giginya, ga sawun ƙafar amalanke ya ci dutse, ga kasuwa da teburanta, amma ba kowa, ko kaza. Ya ce wani sarki ne ya gina wa tsofaffin sojojinsa, kowa da gidansa. Wannan maganar yakan maimaita ta har sau uku, yana murmushi. Mutanenmu kuwa abu ɗaya suka ji a ciki, kufai ne. Mu an hana mu ɗaukar ko tsingaro a kufai. Kaka takan ce, "Kufai ba ya rasa mai shi." Liman ma ya taɓa cewa garin da aka tarar a gine ba mutane, a tambayi abin da suka yi wa Allah.

Wata rana da hantsi aka aike ni kai masa fura a gayaunarsa. Na tarar da shi zaune da abin a tafin hannu, ɗan jan yumɓu ne mai baki kamar na buta, da fuskar mutum a kansa. Yana shafa shi da yatsa yana kiran wasu sunaye a hankali. Ya ɗago ya ce, "Zo ki gani, Hadiza, fitila ce." Na dire ƙwaryar na ruga. A makon nan zazzaɓi ya kwantar da ƙanena Sani, har ba ya gane mutane. Ina tsaye bakin turmi na gaya wa Inna abin da na gani. Wallahi ban ƙara ko kalma ba, amma ban faɗa mata ya ce fitila ce ba.

Kafin azahar zaure ya cika. Liman ya duba abin ya ce bai san shi ba. Aka kirawo wani tsohon Azna daga wajen Safo, ya juya abin da tsinke, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ba namu ba ne, ban san abincinsa ba." Nan tsoro ya ƙaru, abin da malam bai sani ba, mai tsafi bai sani ba. Wasu suka ce a jefa tafki, wasu suka ce ina, a ƙazantar da ruwan da waliyyai ke kwance a bakinsa? Daga ƙarshe mahaifina ya kai shi bayan gari ya farfasa da dutse, aka binne. Baffa bai hana ba. Abin da ya ce kawai, "Yaya, ko mai ban taɓa zuba mata ba."

Kwana uku Sani ya tashi ya nemi kunu. Da ya mutu ma, da wataƙila an ce ajali ne. Warkewarsa ce ta gama da Baffa. Aka ware masa akushi, mata suka riƙa janye 'ya'yansu in ya gifta, ni ma ina cikin masu ɓuya bayan rumbu. Kafin damina ya ɗauki akwatinsa ya nufi Jibiya. Bara aka aiko cewa ya rasu a zauren wani mutum da ba danginmu ba.

Yanzu ina kwaleji a Yamai. Watan jiya mushe, malaminmu, ya buɗe littafin tarihi ya zagaya da shi aji, sai ga hanyoyin nan, ga ginshiƙan. Sunan garin Timgad. Ya ce Rumawa suka gina shi a ƙasar Berber, mutanen tsaunin nan, don tsofaffin sojoji, ya cika ya bunƙasa, daga baya yaƙi ya watsa shi, ƙasa ta rufe shi shekaru aru-aru. A shafi na gaba ga fitilar. Ya ce kowane gida da irinta, a zuba mai a sa lagwani, kamar dai tamu ta man gyaɗa. Na kifa kaina a kan tebur, da aka tambaye ni na ce ciwon kai ne.

Tun ranar ban samu natsuwa ba. In na ce Baffa gaskiya ya faɗa, sai in tuna Sani na nan da ransa yana noma. In na ce Kaka ce da gaskiya, sai in tuna sunayen da yake kira, wataƙila abokansa ne da ba su dawo ba, ba wanda ya tambaye shi. A da na san abin da nake tsoro, yana naɗe cikin tsumma a ƙasan akwati. Yanzu har bakina nake zargi. Baffa ya ga garin da aka gina wa tsofaffin sojoji, ya dawo nasa garin, akushi ma sai da muka ware masa.