Ranar da Aka Karanta Wasiƙun Kakanmu a Lasifika

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa daga kai, har sunayen wasu ɗaliban da na koyar. Amma ranar da aka buɗe gafakar kakanmu a bainar jama'a a Birnin Kudu, in dai ina da rai da hankalina, ba zan taɓa mantawa da ita ba.

Lokacin ba a daɗe da cire Jigawa daga Kano ba. Ina koyarwa a wata firamare cikin gari, ina komawa gida Kangire duk ƙarshen mako. Kowa na cikin zumuɗin sabuwar jiha, kowane gari na son a san shi ma yana da asali. Sai aka yi shela cewa duk gidan da ke da wani abin tarihi ya kawo, za a baje shi a filin makaranta domin manyan baƙi su gani.

A gidanmu abin tarihi ɗaya ne, wata tsohuwar gafaka ta fata da ke rataye a ɗakin Baffa, ƙanen mahaifina, wanda shi ne babba a gidan tun bayan rasuwar mahaifina. Gafakar ta Kaka ce, mahaifinsu, wanda ya yi zamani farkon zuwan Turawa. Mun taso muna jin cewa takardun da ke ciki wasiƙu ne da manyan malamai suka riƙa aiko masa suna neman fatawa. Baffa bai fi shekara huɗu ba Kaka ya rasu, saboda haka bai san shi ba, amma in yana ba da labarinsa sai ka rantse tare suka yi karatu. A bakinsa Kaka mutum ne mai kwarjini wanda ba a taɓa ganin haƙorinsa ba. Baffa ya taɓa gwada karanta takardun da kansa, ya tarar da ajamin kamar sawun kaji a kan laka, bai iya wuce bisimillar da ke sama ba. Maimakon ya ce rubutun ya gagare shi, sai ya ce zurfin ilmin ne ya yi yawa, ya mayar ya ɗaure, ya hana kowa taɓawa.

Mutum ɗaya ce ba ta yarda da wannan labari ba, wato Goggo, yayarsu, wadda ta yi wayo da Kaka sosai. Duk sanda Baffa ya fara, sai ta ce, "Ni dai uban da na sani, in ya zauna a gindin tsamiya, mata sukan bar tuwo ya ƙone saboda dariya." Baffa ya ce mata tsufa ne ya fara taɓa ta.

Abin da ya ƙara wa Baffa ƙaimi shi ne sarautar mai unguwarmu da ta faɗi a lokacin, gidanmu da wani gida suna nema. Ya yi lissafin cewa in aka ji abin da malamai ke rubuto wa mahaifinsa, a gaban hakimi da baƙi, magana ta ƙare. Na ba shi shawara mu fara kai wa wani ya duba a gida. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, har ka isa ka tantance takardun Malam?"

Ranar taron Baffa ya sha babbar riga da rawani, ya rungumo gafakar kamar jariri. Bayan an gama nuna takubba masu tsatsa da wata tsohuwar masaƙa, aka kira gidanmu. Masu taron sun tanadi wani dattijon malami gwanin tsohon ajami, mai tabarau da aka ɗaure da zare. Ya zaro takarda ta farko, ya kai ta kusa da hancinsa, ya bi ta da ido a ransa. Ina kusa da shi, na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Ya kau da baki daga lasifika ya ce da Baffa a hankali, "Alhaji, ka tabbata a karanta wannan kowa ya ji?"

Baffa ya ɗaga murya ya ce, "Karanta, Malam. Abin alheri ba a ɓoye shi."

Malam ya yi gyaran murya, ya fara: "Takarda ta fito daga hannun ubangidanka, Babarbare mai kanwa na bakin kasuwar Gwaram, zuwa ga bawansa Bafillacen Kangire, mai wuya irin na zalɓe, mai ƙafa irin ta sillen kara. Gaisuwa da yarda da aminci. Bayan haka, man shanun da ka aiko ya iso. Na sa mutum uku su nemo shi a cikin ƙwaryar, har yanzu suna nema. Wani ya ce ya gan shi, amma ƙuda ya riga shi, ya ɗauka ya tashi da shi."

Kowa a filin ya shiga duban na kusa da shi ko an yarda a yi dariya. Baffa ya ce, "Wannan gabatarwa ce, Malam, shiga cikin fatawar."

Malam ya ci gaba: "Kuma na sami labarin jakinka ya kayar da kai a tsakiyar kasuwa. Ka gaishe mini da jakin. Na daɗe ina cewa shi kaɗai ne mai hankali a gidanku. Haza wassalam."

Ai kuwa sai fili ya ɓarke. Hakimi ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki, amma cikinsa ya tona masa asiri. Wani babban baƙo ya cire hularsa yana dukan gwiwa da ita. Daga ɓangaren mata na jiyo muryar Goggo ta fi ta kowa, tana cewa, "Wallahi na tuna jakin nan!" Baffa ya miƙo takarda ta biyu da ta uku, yana sa ran a dace da ta malamai. Ta biyu kan rowar Kaka ce, ta uku kuwa kan minsharinsa, wai ya kwana ɗaya a Gwaram kuraye suka yi ƙaura. Duk takardun, babu fatawa ko ɗaya. Gaba ɗayansu daga mutum ɗaya suke, abokin wasan Kaka, irin wasan nan da ke tsakanin Fulani da Barebari tun kaka da kakanni.

Yanzu ina ba da labarin ina dariya, amma a ranar tausayin Baffa ne ya kama ni. Ya karɓi gafakarsa, ya saƙale a hammata, muka kama hanyar gida. Kwana uku bai fita ko zaure ba. Yara a unguwa suka fara kiran gidanmu gidan mai jaki.

A rana ta huɗu ya aika aka kira ni. Na zaci zai yi mini faɗa ne don na yi gaskiya, sai na tarar da shi zaune da Goggo. Ya ce, "Ita wannan ta ce mahaifinmu ba a taɓa kayar da shi a magana ba. To in wancan Babarbaren ya rubuto, ai shi ma ya mayar masa. Ina amsoshin?"

Na ce, "Baffa, in suna nan, suna Gwaram."

Ya ce, "Nemo mana mota. Ba za a zagi ubana a lasifika in kwanta ban ji ramuwarsa ba."

Washegari da hantsi muka ɗauki gafakar muka shiga a-kori-kura, ni da shi da Goggo, wadda ta ce ko a ƙafa ne sai ta je. A bakin kasuwar Gwaram ba mu sha wahalar tambaya ba, domin har lokacin ana kiran gidan da gidan mai kanwa. Muka yi sallama, wani tsoho mai tsage a fuska ya fito yana dogara sanda. Shi ne ɗan wancan Babarbaren. Baffa ya tsuke fuska ya ce daga Kangire muke. Tsohon ya ƙare mana kallo, ya dubi wuyan Baffa, ya juya cikin gida ya ƙwala kira: "Ku kawo tabarma! Bayin gidanmu da suka gudu sun dawo da kansu!"

Baffa ya buɗe baki zai yi fushi, Goggo ta riga shi: "To rufe mana baki, mu ga ko gidan Babarbare na da abin da zai ba baƙo ban da kanwa." Tsohon ya yi dariya har sandarsa ta faɗi.

Ashe su ba su rataye nasu takardun ba. Suna cikin wani akwatin ƙarfe, kuma duk sallah sai an fito da su an karanta wa ƴaƴa da jikoki. Tsohon ya haddace su kamar karatun allo. Ya ce shekara da shekaru suna jin rabin hira, suna marmarin sanin me mahaifinsu ya faɗa da har ake yi masa irin wannan raddi. Ya ɗauko ɗaya ya karanta: "Daga ubangidanka na Kangire zuwa ga Babarbaren da aka yi wa huɗa a fuska aka manta ba a yi shuka ba. Bayan haka, kanwar da ka aiko na ba akuyata. Ta lasa, ta dube ni, ta fita. Yau kwana uku ba ta dawo ba. Batun jaki kuwa, ƙarya aka yi maka, ba kayar da ni ya yi ba. Ce masa na yi Gwaram za mu wurinka, ya ce gara ya kwanta a yanka shi."

Baffa ya daki cinya ya ce, "Yawwa! Ƙara wata!"

Aka ƙara. Akwai wadda Kaka ya ba da labarin ranar da ya fara ganin Bature a kan keke. Ya ce ya ga mutum ya sayi doki, ya hau, kuma shi ne ke yi wa dokin tafiyar, ya tabbata Babarbare ne ya ba shi shawarar cinikin. Maƙwabta suka cika zauren. Ana karanta tamu, ana karanta tasu, kowace na faɗawa kan ƴar'uwarta kamar an auna. Baffa, wanda ni ma ban cika ganin haƙorinsa ba, ya yi dariya har rawaninsa ya warware bai sani ba.

Da aka zo ƙasan akwatin, tsohon ya ɗauko wata ƴar guntuwa, ya ce wannan ba su cika karanta ta ba, ita ce ta ƙarshe. Rubutun ya karkace, da gani hannun mai shi na rawa. "Bayan haka, ciwo ya kwantar da ni, kuma ina jin ba na tashi ba ne. In ka ji na riga ka, kada ka yi murna, gaba na yi in gargaɗi na can cewa kana tafe. Kada kuma ka yi kuka, hawayen zai ɓace a cikin tsagen bai kai haɓa ba. Ina da ɗan ƙaramin yaro, in ya girma ya zo Gwaram ka ba shi abinci, ka ce masa ubansa ya fi ka. Ka yafe mini, na yafe maka."

Baffa ya ce a sake karanta masa wurin yaron. Aka sake. Ya sunkuyar da kai, yana dariya hawaye na zuba a gemunsa. Tsohon ya share ido, ya leƙa cikin gida ya ce, "Ku kawo tuwon nan. Yaron ya zo, ya makara ƙwarai, amma ya zo."

Sarautar mai unguwa dai ɗaya gidan aka ba, kuma Baffa da kansa ya fara zuwa yi musu murna. Ni na zauna na mayar da wasiƙun duka zuwa boko, na haɗa kowace da amsarta, kowane gida ya riƙe kwafi. Har Baffa ya bar duniya, sallah ba ta wucewa bai je Gwaram an zage shi ya rama ba.

Abin da na koya shi ne, mukan ɗinka wa magabatanmu rigar da ba su taɓa sawa ba, don muna ganin ta fi tasu daraja, sai mu rasa su gaba ɗaya. Baffa ya shekara sittin da wani abu yana girmama mutumin da ba a taɓa yi ba, sai da aka yi masa dariya a gaban gari sannan ya gamu da ubansa. Ka karɓi naka yadda Allah Ya yi shi. Kuma in ka gaji takarda, ka daure ka karanta ta a ɗaka kafin ka miƙa wa mai lasifika.